Tarken Ma'aunin "Muhallin Koyo na Gida" ta Fuskar Yaran Hausawan Duwala

1.0 Gabatarwa

Masana tarbiyyar yara sun daɗe da amincewa cewa yaro ba ya shiga aji ɗaya da hannu biyu. Kafin ya ga allon makaranta ya riga ya tara kalmomi, ya san wasu lambobi, ya kuma saba da wata hanya ta saurare da amsawa. Daga wannan fahimta aka samar da ra'in da ake kira "muhallin koyo na gida", tare da ma'aunai na gwada ƙarfinsa ko rauninsa. Manufar wannan takarda ita ce ta yi tarken waɗannan ma'aunai, ta hanyar ɗora su a kan rayuwar yaran Hausawa mazauna New Bell da kewayenta har zuwa Youpwé, a birnin Duwala na ƙasar Kamaru. An zaɓi wannan wuri ne domin a can Hausa harshen gida ce kawai: ba ita ce harshen aji ba, ba kuma ita ce harshen hukuma ba. Tambayar da za a bi ita ce: idan ma'auni ya ce gidan Bahaushe ba shi da abin koyarwa, shin gidan ne fanko, ko kuwa ma'aunin ne bai hango abin da ke ciki ba? Amsar tana da nauyi, domin da irin wannan sakamako ake yanke wa yara hukuncin "rashin shiri", kuma da shi ake tsara manufofin ilimi.

2.0 Taƙaitaccen Bayanin Wurin

New Bell ta samo asali ne daga shirin da Jamusawa suka ƙulla tun wajen 1910 na ƙwace filayen kabilar Duwala da ke bakin kogin Wouri, su mayar da mutanen can baya, nesa da unguwar Turawa. Sarkinsu Rudolf Duala Manga Bell ya yi adawa da shirin, aka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914. Bayan mulki ya koma hannun Faransawa, unguwar ta zama masaukin baƙi: Hausawa da Bamileke da Basa da Yarabawa da sauransu. Lynn Schler ta bi diddigin wannan tarihi a littafinta The Strangers of New Bell (2008). A yau New Bell da Youpwé suna cikin gunduma ta biyu ta Duwala. An san Youpwé da kasuwar kifi da tashar kwalekwale masu zuwa tsibiran bakin teku kamar Manoka.

Yaron da ya tashi a nan yana jin Hausa a cikin gida, Larabcin Alƙur'ani a makarantar allo, Faransanci da Turancin buroka a titi da kasuwa, wani lokaci har da Fulatanci a bakin maƙwabta. Tsarin mulkin 1996 ya ajiye Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan hukuma. Makarantar share fage takan ɗauki yara 'yan shekara huɗu da biyar, sannan a shiga firamare a shekara shida, a Duwala kuwa akasarin azuzuwa da Faransanci ake yin su.

3.0 Abin da Ra'in Ya Ƙunsa

Ayyuka uku ne aka fi kafa hujja da su. Na farko shi ne na Hart da Risley (1995), waɗanda suka bi iyalai 42 a birnin Kansas na Amurka, suka ƙiyasta cewa kafin shekara huɗu ɗan masu hali ya ji kalmomi miliyan 30 fiye da ɗan matalauta. Na biyu shi ne binciken EPPE na Ingila, wanda aka fara a 1997 a kan yara kimanin 3,000. Ya nuna cewa abin da iyaye ke yi tare da yaro, kamar karanta masa littafi da koya masa haruffa da lambobi, ya fi matsayinsu na dukiya ko ilimi tasiri, kuma makarantar share fage mai inganci tana ƙara wa wannan ƙarfi. Na uku shi ne na Duncan da abokan aikinsa (2007), waɗanda suka haɗa manyan bincike shida suka gano cewa sanin lissafi da yaro ya shiga makaranta da shi ya fi komai hasashen nasararsa a gaba.

Daga irin waɗannan ayyuka aka tsamo tambayoyin da Asusun UNICEF ke yi a bincikensa na gida-gida mai suna MICS, wanda aka gudanar a Kamaru a 2000 da 2006 da 2014. Ana tambayar uwa: littattafan yara nawa ne a gidan? A kwana uku da suka wuce, akwai wani ɗan gida mai shekara 15 ko fiye da ya karanta wa yaron littafi, ko ya yi masa tatsuniya, ko waƙa, ko ya fita da shi, ko ya yi wasa da shi, ko ya koya masa sunayen abubuwa da ƙidaya? Ma'aunin ci gaban yaro da aka yi amfani da shi kafin a sabunta shi a 2020 yana tambayar ko yaron ya gane haruffa goma, ko yana karanta kalmomi huɗu, ko ya san lambobi daga 1 zuwa 10 a rubuce.

Dole a yaba wa waɗannan ayyuka a kan abu biyu. Sun kawar da tunanin cewa basira gado ce da ba a iya taɓawa, sun kuma tilasta wa gwamnatoci kula da shekarun da ke gaban firamare. Matsalar tana wajen ɗaukar ma'aunin kamar yadda yake a kai shi gidan da ba a gina shi dominsa ba.

4.0 Tarke

4.1 Wane ne Malamin Gida?

Ma'aunin ya ɗauka cewa mai koyar da yaro shi ne babba, musamman uwa ko uba, yana fuskantar yaro ɗaya. A gidan Hausawa kuwa kunyar ɗan fari takan sa uwa ta rage magana da shi a gaban mutane, ba ta ma kiran sunansa. Wanda ke goyon yaro, ya yi masa wasa, ya gyara masa furuci, sau da yawa yaya ce 'yar shekara takwas ko goma. Tambayar MICS ta yanke a shekara 15, don haka duk aikin wannan yarinya bai shiga lissafi ba. Bame Nsamenang, masanin halayyar ɗan Adam ɗan Kamaru, ya nuna a littafinsa na 1992 cewa a cikin al'ummar Nso renon ƙanne da aike su ne ginshiƙin tarbiyya, kuma ta nan ake gane hankalin yaro. Bayanin nasa ya dace da gidan haya na New Bell, inda iyalai da yawa ke tarayya a tsakar gida ɗaya.

Haka kuma ƙidayar Hart da Risley ta fi mayar da hankali ga maganar da aka yi wa yaro kai tsaye. Sperry da abokan aikinsa (2019) sun sake gwajin a al'ummu biyar na Amurka, suka haɗa da maganar duk masu reno da wadda yaro ke ji a gefensa, sai giɓin ya ƙi fitowa yadda aka zata. Yaron da ke zaune a zaure yana jin gaisuwa mai tsawo da ciniki da sasanta rigima yana cikin kogin magana, ko da ba shi ake yi wa ba. Ya kamata dai a lura cewa maganar da aka fuskanci yaro da ita, aka jira amsarsa, tana da nata amfani na daban wajen gina kalmomi. Kuskuren ma'aunin shi ne mayar da ita kaɗai abin ƙirgawa.

4.2 Allo Ba Littafi Ba Ne?

Idan aka tambayi uwa littattafan yara nawa ne a gidanta, tana iya cewa babu. Amma a jikin bango akwai allo, kuma ɗanta ɗan shekara huɗu yana zuwa wajen malam safe ko yamma. A can zai fara da haddar gajerun surori, sannan babbaƙu, wato haruffa ba wasali, sannan farfaru, inda ake ɗora wasalin bisa da na ƙasa da rufu'a da ɗauri, sannan ya shiga haɗa baƙi. Haruffan ma suna da sunayen Hausa da ke bayyana surarsu, kamar "lam jaye" da "ha kuri". Duk mai nazarin harshe zai gane cewa wannan horo ne a kan muhimmin sirrin karatu: cewa zane yana wakiltar sauti, kuma baƙi da wasali suna haɗuwa su ba da gaɓa. Yaron ya kuma koyi riƙe alƙalami da bin layi da zama a gaban malami.

Akwai hujjar bincike a kan wannan. Daniel Wagner (1993) ya bi yara a Maroko ya ga cewa masu jin harshen Berber da suka yi makarantar Alƙur'ani kafin firamare sun fi takwarorinsu da ba su yi ba saurin kama karatun Larabci. Sai dai a nan wajibi ne ɗalibi ya yi hattara. A Maroko rubutun allo da na firamare iri ɗaya ne. A Duwala kuwa yaro zai tashi daga rubutun dama zuwa hagu ya koma na hagu zuwa dama, da wasu haruffa dabam, a cikin harshe na uku. Abin da zai ƙetare da shi shi ne fahimtar yadda rubutu ke aiki, haruffan kansu kuwa sai ya sake koyo. Scribner da Cole (1981) sun nuna a cikin al'ummar Vai ta Laberiya cewa kowane irin karatu yana ƙarfafa ƙwarewar da ake yi da shi ne, karatun Alƙur'ani kuwa ya fi ƙarfafa hadda bi da bi. Ke nan allo yana gina gane sauti da hadda, amma ba ya horar da yaro ya karanta labari a tambaye shi ma'anarsa. Wannan gurbin tatsuniya da kacici-kacici ne ke cike shi, da baki, a inda wayar hannu da talabijin ba su kore su ba.

Abin da ake zargin ma'aunin da shi a nan a fili yake. Tambayar "haruffa goma" tana iya samun amsar "a'a" daga uwar da ta ɗauka haruffan boko ake nufi, alhali ɗanta ya san babbaƙu fiye da ashirin.

4.3 Ƙidayar Hausa da Ƙidayar Faransanci

Nan ne ɗalibin harshe ya fi kowa abin cewa. Miller da abokan aikinsa (1995) sun kwatanta yaran Sin da na Amurka, suka ga cewa har zuwa goma tafiyarsu ɗaya, amma daga sha ɗaya yaran Sin sukan wuce, domin harshensu yana cewa "goma-ɗaya, goma-biyu" a fili, Ingilishi kuwa yana da kalmomi da ba sa nuna goman da ke cikinsu. Idan aka auna Hausa da wannan sikeli za a ga tana da gata. "Goma sha ɗaya" har zuwa "goma sha tara" suna bayyana tsarin goma ƙarara, haka nan "ashirin da uku" ko "ɗari biyu da hamsin". Inda take da nauyi shi ne sunayen gomomi da aka aro daga Larabci: ashirin, talatin, arba'in, har casa'in, waɗanda sai an haddace su, ba kamar tsohuwar ƙidaya ta "gomiya biyu, gomiya uku" ba. Akwai kuma salon ragewa, kamar "ashirin ba ɗaya" a maimakon sha tara, wanda ke sa yaro ya saba da ɗebewa tun bai san sunanta ba.

Faransanci kuwa daga onze zuwa seize bai nuna goma ba. Saba'in ita ce soixante-dix, wato sittin da goma. Tamanin ita ce quatre-vingts, ashirin huɗu. Casa'in da bakwai kuwa quatre-vingt-dix-sept, wato huɗu, ashirin, goma, bakwai. Yaron da aka yi wa shiftar wannan lamba yana jin "huɗu" da farko, alhali abin da ake so ya fara rubutawa 9 ne. Idan ya rubuta 4 sai a ce bai iya lissafi ba. Gaskiyar magana ita ce an raba shi da tsari mai haske an ba shi mai duhu, ba tare da an yi masa gada tsakaninsu ba.

4.4 Lissafin Aike da Talla

Enid Schildkrout ta yi nazarin yaran birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa sana'ar matan kulle ta dogara ne kacokan a kan yara: su ke sayo kayan haɗi, su kai talla, su dawo da ciniki. Duk inda Hausawa suka yi zango wannan tsari yakan bi su, gwargwadon hali. Yarinyar da ke bin yayarta tallar ƙosai ko ƙuli-ƙuli tana ganin ana ƙirga kaya, ana ba da canji, ana ware uwar kuɗi da riba. A kasuwa irin ta Youpwé ana kasa kifi kashi-kashi, ana kwatanta girma da farashi, ana ragi. A ƙasashen da ke kashe sefa akwai wani ƙarin horo: Bahaushen Maraɗi ko Damagaram yana ƙirga kuɗi da dala, wato sefa biyar, ta yadda sefa 100 dala ashirin ce, sefa 500 kuma dala ɗari. Mai juya farashi tsakanin ƙidayar dala da lambar da ke jikin kuɗin yana ninkawa da rabawa da biyar a ka, kullum.

Wasanni ma haka. Dara tana da gurabe talatin, kowane ɗan wasa da 'ya'ya goma sha biyu, ana neman jera uku. 'Yar carafke tana sa a kwashi duwatsu ɗaya-ɗaya, sannan bibbiyu, sannan uku-uku. Ko a makarantar allo yaro yana jin ana raba izifi zuwa nusufi da rubu'i da sumuni, wato rabi da kwata da ɗaya bisa takwas, shekaru kafin malamin boko ya zo kan wannan darasi.

Shin wannan ilimi yana bin yaro cikin aji? Binciken Carraher da Carraher da Schliemann (1985) a birnin Recife na Barazil ya ba da amsa mai tayar da hankali. Yara masu talla sun ci kimanin kashi 98 cikin ɗari na lissafin da aka yi musu a bakin ciniki, amma da aka rubuta musu lissafin iri ɗaya da lambobi zalla a takarda sai suka ci kimanin kashi 37. Darasin yana da fuska biyu. Ma'aunin da ke tambayar lambobi a rubuce kawai ba zai ga gwanintar ɗan talla ba. Haka kuma gwanintar ba ta shiga takarda da kanta, sai malami ya ɗauko ta ya ɗaura ta da alamomin rubutu. Kada kuma a manta cewa tallar da ke koya wa yarinya canji ita ce sau da yawa ke hana ta zama a aji, ta kuma jefa ta cikin haɗarin titi. Yaba lissafin da ke cikin talla ba ya nufin wanke talla.

4.5 Makarantar Share Fage: Gada ko Katanga?

Sakamakon EPPE ya jingina amfanin makarantar share fage ga ingancinta, musamman irin zancen da ke gudana tsakanin malama da yaro, inda ake tunani tare. Wannan sharaɗi shi ake yawan mantawa idan an zo kwaikwayo. Zance ba ya yiwuwa da harshen da yaro bai ji ba. Ɗan shekara huɗu da ya fito daga gidan Hausa ya shiga ajin Faransanci zalla zai iya rera waƙoƙi ya maimaita lambobi har ashirin, iyaye su ji daɗi, alhali bai haɗa kalmar cinq da yatsunsa biyar ba. Ga kuma nauyin rubutun Faransanci, inda sauti ɗaya ke fitowa a matsayin o da au da eau. Seymour da abokan aikinsa (2003) sun kwatanta harsunan Turai suka ga cewa yaran Faransanci, waɗanda harshen uwarsu ne ma, sun fi na harsuna masu daidaitaccen rubutu jinkirin kama karatu. Rubutun Hausa na boko, duk da bai nuna karin sauti da tsawon wasali ba, kusan kowane harafi sauti ɗaya yake wakilta.

Kamaru ba baƙuwa ba ce ga wannan muhawara. Maurice Tadadjeu na Jami'ar Yawunde ya jagoranci shirin PROPELCA, wanda daga 1981 ya gwada fara karatu da harshen gida a shekarun farko na firamare, ana ƙara Faransanci ko Ingilishi sannu a hankali. Dokar ilimi ta 14 ga Afrilu, 1998 ta sanya bunƙasa harsunan ƙasa cikin manufofinta. A Nijeriya ma gwajin Ile-Ife na Babs Fafunwa, wanda aka fara a 1970, ya nuna amfanin koyarwa da Yarabanci. Amma irin wannan tsari ya fi sauƙi a ƙauyen da kowa ke jin harshe ɗaya. A aji guda na New Bell ana iya samun harsunan gida biyar ko fiye, kuma iyaye da kansu Faransanci suke biyan kuɗi a koya wa 'ya'yansu, domin da shi ake cin jarrabawa a sami aiki. Wanda ya ce a mayar da ajin Hausa zalla bai dubi wannan gaskiya ba. Abin da zai yiwu ya fi wannan ƙanƙanta: mataimakiyar aji mai jin Hausa, barin yaro ya fara ƙirga da harshensa kafin a ba shi kalmar Faransanci, kafa "kanti" a kusurwar aji da kuɗin wasa, da kuma tambayar kowane yaro inda ya kai a allo kafin a fara masa haruffa. Makarantun da ke haɗa Faransanci da Larabci, waɗanda Musulmin Kamaru suka daɗe da su, su ne suka fi dacewa da fara wannan gwaji, tun da rubutun biyu suna ƙarƙashin rufi ɗaya.

5.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa ra'in muhallin koyo na gida yana da tushe mai ƙarfi, amma ma'aunansa sun ɗauki surar gida ɗaya suka mayar da ita ta kowa. Idan aka kai su unguwannin Hausawan Duwala sukan tsallake yaya mai reno da allo da aike da dara, su kuma jarraba yaro da haruffa da lambobin da ba da su ya fara ba. An kuma nuna iyakar abin da gidan ke bayarwa: bai ba da Faransanci ba, bai ba da lambobi a rubuce ba, bai kuma saba wa yaro da karanta labari don ma'ana ba. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa sai ya san inda iccen ya riga ya karkata.

Aikin da ke gaban ɗaliban harshe a nan mai yawa ne. Ana buƙatar a naɗi maganar da ke gudana a tsakar gida a rubuta ta, a tattara kalmomin ƙidaya da awo da kuɗi na Hausar Duwala a kwatanta su da na Kano da Maraɗi, a kuma sake fassara tambayoyin bincike ta yadda "harafi" zai haɗa da baƙin allo, "mai koyarwa" kuma ya haɗa da yaya. Ɗalibi na iya fara gwaji da kansa: ya sami yaro ɗan shekara biyar, ya tambaye shi canjin sefa ɗari idan an sayi abin saba'in da biyar, da Hausa da kuɗi a hannu, sannan ya rubuta masa 100 – 75 a takarda, ya rubuta abin da ya faru a kowane karo.